Keken sama da matokaransa biyu

  

Yau kan wani jirgi za mu yi magana, wanda in ka gan shi tsaye a ƙasa za ka rantse adaidaita ce aka cire wa rufi aka ɗora mata tanti. Ƙafa uku gare shi da kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar zaman ɗan kaɓu-kaɓu da fasinjansa. Inji da farfela suna baya, sai wani babban fiffike na ƙyalle mai siffar alwatika a sama. Faransawa na kiransa ULM pandiler, wato ƙaramin jirgi maras nauyi mai reto. Mu dai tsakaninmu keken sama muke ce masa, kuma da wannan sunan za mu ci gaba.

Mu uku ne, ƴan Nijar da karatu ya kai kudancin Faransa, aiki kuma ya zaunar da mu a can. Shekara huɗu ke nan muna zuwa wani ƙaramin filin jirage na ciyawa a bayan gari, inda wani dattijo da ya yi ritaya yake koyar da tuƙin wannan jirgi. Tun da hotunanmu suka fara isa gida, da wuya mako ya wuce wani ƙane bai aiko saƙo ba. Yawancinsu kanikawa ne da masu walda, yara masu kai, irin waɗanda ke tayar da moton da kowa ya fidda rai da shi. Roƙonsu guda ne: a aiko musu da awon fiffiken, tsawo da faɗi, su za su nemi bututu a kasuwa su haɗa nasu. Ba mu aika ba, kuma ba za mu aika ba. Wasu sun ɗauka rowa ce, wasu sun ce girman kan zaman Turai ne. Shi ya sa muka ga gara mu zauna mu faɗi dalili a fili, don rai ne a ciki.

Fiffiken nan yana da asali. Wani injiniyan Amurka, Faransis Rogallo, shi da matarsa Gatrud, su suka fito da dabarar fiffike mai laushi a shekarar 1948. Daga baya hukumar NASA ta gwada shi da niyyar sauko da kumbon ƴan sama jannati, amma ta koma ga laima. A 1963 wani mutumin Ostareliya, Jon Dikinson, ya rataye mutum a ƙarƙashin fiffiken, ya sa masa wata alwatikar ƙarfe da zai riƙe ya sarrafa shi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara rataya keke mai inji a wurin da mutum yake, kuma Faransa na cikin ƙasashen da suka fi rungumar abin. Kamfanin Air Création, wanda ya fara aiki a 1982 kusa da garin Obenas a yankin Ardesh, har yau jiragen nan yake ƙerawa. Abin da muke so ku riƙe shi ne, an yi shekaru da dama ana gwaji ana gyara kafin fiffiken ya kai siffarsa ta yau, kuma an rasa rayuka a hanya.

To ya yake aiki? Keken gaba ɗaya, da inji da isansi da mutum biyu, rataye yake a jikin fiffike da bulon guda ɗaya tak. Akwai wata igiya ta ko-ta-kwana da ake zagaye wurin da ita, amma aikin yau da kullum na bulon ɗin nan ne. Babu sitiyari, babu jela mai motsi irin ta manyan jirage. Sandar ƙasa ta alwatikar nan ita ce a hannun matuƙi. In ka tura ta gaba, hancin fiffike ya ɗaga, gudu ya ragu. In ka jawo ta wajen cikinka, gudu ya ƙaru. In kana son dama sai ka kai sandar hagu, don a zahiri nauyinka kake mayarwa dama. Hawa da sauka kuwa na totur ne, wanda ke ƙarƙashin ƙafar dama. Wanda ya saba da mota, makon farko kansa juyewa yake yi.

Yanzu ga zancen matokarai. Fiffike mai faɗin metir 9 zuwa 10 ba zai tsaya da kansa ba, sai an riƙe shi. Hanya biyu ake bi. Tsohuwar hanya ita ce ta wayoyi: wayoyin ƙarfe na tashi daga kusurwowin alwatika zuwa kowane ɓangare na fiffike daga ƙasa, sannan a kafa wata dirka a tsakiyar bayansa, ita ma da nata wayoyin da ke riƙe shi daga sama, kamar dai tantin biki. A iska wayoyin ƙasa ke ɗaukar nauyi. In an sauka, na sama su hana fiffiken zubewa. Sabuwar hanya kuwa ta cire dirkar da wayoyin sama da na gefe, ta sa bututu biyu masu ƙarfi, ɗaya dama ɗaya hagu, daga kusurwar alwatika zuwa fiffike. Su muke kira matokarai. Irin wannan fiffiken za ku gani a jikin QuikR na Ingila, da Profi TL na kamfanin Aeros na Yukren, da yawancin na North Wing a Amurka.

Amfaninsu a bayyane yake. Da babu dirka, tsayin jirgin na raguwa da kusan metir guda, sai ya shiga rumfar da ba ta da tsayi. A wasu ma ana iya naɗe fiffiken yana bisa keken, ba sai an sauke shi ba. Tarin wayoyin nan da ke tare iska sun tafi, don haka gudu ya ƙaru. QuikR na iya kai kilometir 160 a awa, alhali jirgin koyo mai wayoyi da muka fara da shi tsakanin 80 da 100 yake tafiya. Ga shi kuma in ka kalli matokari, ido na cewa wannan ai ya fi waya ƙarfi nesa ba kusa ba.

A nan ne malaminmu ya tsayar da mu tun ranar farko. Waya aiki ɗaya gare ta, a ja ta. Matokari kuwa aiki biyu yake yi: a sama ana jan sa, a ƙasa kuma, ko lokacin da iska ta bugo fiffike daga bisa, danna shi ake yi. Mu da muka tashi cikin gonaki mun gane nan da nan. Ɗauki karan dawa busasshe, ku kama ku biyu kuna ja, ba za ku tsinka shi da sauƙi ba. Tsayar da shi ka danna daga sama, zai jure in lafiyayye ne. Amma ɗan latsa shi da haƙori a tsakiya ka sake dannawa, take zai karye daidai wurin. Haka matokari yake. Ƴar loɓawar da ba ta kai faɗin dala ba ta isa ta rage masa ƙarfi inda ake buƙatarsa. Waya in ta fara lalacewa sau da yawa tana nunawa, silinta ya tsinke ya soki yatsa, ko tsatsa ta fito wajen ɗaurin. Matokari yana iya sheƙi kamar sabo alhali ya riga ya ji rauni a bakin ramin bulon.

Haɗa fiffiken kansa yana da tsari, kuma kowane kamfani da littafinsa. Ba a ɗaukar tsarin wani a kai wa wani. Namu ga yadda yake tafiya. Muna shimfiɗa jakar a ƙasa, hanci na fuskantar iska, mu haɗa alwatika, mu tayar da fiffiken a kanta. Sai mu buɗe ɓangarorin biyu a hankali, ba tare da tilasta komai ba. In wani abu ya cije, to waya ce ta naɗe ko ƙyalle ya maƙale, kuma ƙarfi ba ya gyara wannan. Daga nan sai matokarai. Kowane da alamarsa, na dama daban na hagu daban, kuma gefe mai kauri shi ke kallon gaba don siffar fiffike gare su su ma. Bulon ya shiga, a rufe shi da ɗan zoben tsaro. Sai haƙarƙari, wato siraran sandunan da ake zurawa cikin ƙyalle su ba shi lanƙwasarsa, masu jan baki hagu, masu kore dama. Bayan haka a ja sandar giciye baya har ƙyallen ya ɗame kamar fatar ganga, a kulle ta. Sai a turo keken, a sa bulon ɗin ratayar, a zagaya igiyar ko-ta-kwana, a ɗaga fiffike sama, a kulle sandar gaba da ke hana shi komawa baya.

Akwai wasu ƴan sanduna guda huɗu a ɓoye cikin ƙyallen fiffikenmu, biyu kowane gefe, waɗanda baƙo ba zai ma san da su ba. Mu ƴan tallabe muke ce musu. A tsohon fiffike, in jirgi ya sunkuyar da kai yana gangarowa da gudu, wasu siraran wayoyi daga dirka ke riƙe gefen baya na ƙyalle sama, wannan ne ke sa hanci ya ɗago da kansa. Da aka cire dirka, ƴan tallaben nan suka gaji aikin. Kusurwarsu a rubuce take a littafi, da na'urar awon digiri ake duba ta. Akwai masu rage ta don jirgi ya ƙara gudu ko sanda ta yi laushi a hannu. Haɗarin shi ne, a tafiyar yau da kullum ba za ka ji bambanci mai tsoratarwa ba, sai ranar da iska mai ƙarfi ta kifar da hanci ƙasa, a nemi abin da zai ɗago shi a rasa. Keken sama in ya yi adungure ta gaba, yawanci fiffiken karyewa yake yi. Shi ya sa aka hana wasan alkafura da shi ɗungurungum, kuma aka iyakance karkata gefe a digiri 60, ɗaga hanci ko sunkuyar da shi a digiri 45.

In an gama haɗawa ba a hawa. Sai an zagaye jirgin daga hanci, a bi ta hagu, a dawo ta dama, ana taɓa kowane bulon da kowane zobe da yatsa. Malam ba ya yarda da kallo kawai. Yana sa mu bi kowane matokari da tafin hannu daga ƙasa har sama, ido a rufe wani lokaci, don fata na jin abin da ido ke tsallakewa. A buɗe zip a leƙa ciki a ga ƴan tallabe na zaune a mazauninsu. Doka ta biyu: in wani ya yi maka magana kana tsakiyar dubawa, ko telefon ya yi ƙara, sai ka koma hanci ka fara daga farko. Mu da muka taso inda gaisuwa ba ta jira, wannan ta yi mana nauyi. Yanzu kowa a filin ya sani, mutum in yana zagayen jirginsa ba a ce masa ko sannu.

Wata Asabar mun ga amfanin wannan da idonmu. Wani ɗan ƙungiyar ya dawo daga hutu da jirginsa a kan tirela, tafiyar awa shida. Ya haɗa, komai tsaf, ɗansa na jiran a ɗauke shi. Da ya bi matokarin hagu da hannu sai ya ji ɗan rami, wurin da igiyar ɗauri ta matse shi da ƙarfen tirela a hanya. In ka tsaya taku biyu baya ba za ka gan shi ba. Ya kira malam, malam ya shafa, ya girgiza kai. Mu a ranmu muna lissafin gida: a ɗan buga shi ya miƙe, ko a zura wani bututu a ciki, ko a yi masa ɗauri da walda. Malam ya amsa tun ba mu tambaya ba. Alminiyon jirgi an gasa shi ne da wuta ta musamman don ya sami ƙarfinsa, walda na kashe wannan ƙarfin a kewayen ɗinkin, miƙewa kuma na barin tsaga da ido ba ya gani. Shi ya sa sandunan fiffike da bulon ake haɗa su. Mutumin ya naɗe jirginsa, yaron ya yi kuka, aka jira sabon matokari mako uku. Tsohon kuwa malam ya sa zarto ya raba shi biyu a gabanmu don kada wani ya tsince shi ya yi amfani da shi.

Wani zai ce, to in haka abin yake da wahala me ya kai ku? Jama'a, daɗinsa ne. Asuba muke fita, lokacin da iska ke kwance. Ɗalibi gaba yake zama, malam a baya da nasa sandunan. Ka taka totur, inji ya yi ruri a bayanka, ciyawa ta fara gudu, kafin metir ɗari da ƴan kai ka tura sanda gaba sai kawai ƙarar tayoyi ta ɗauke. Keken ya yi reto ya daidaita ƙarƙashin fiffike, ƙasa ta fara nisa. Babu gilashi, babu ƙofa. Ƙafafunka na sama da gonakin inabi, kana jin ƙamshin hayaƙin gidan da ya hura wuta, kana ganin inuwarka na bin ka a kan hanya. Sanyi ne abin da ya fi ba mu mamaki. Kowane metir 1000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska na dukanka. Ɗan Damagaram da rigar sanyi biyu da safar hannu a tsakiyar watan Yuni, abin dariya ne in a gida aka ji.

Da muka koma fiffike mai matokarai bayan mun sami takardar tuƙi, hannu ya ji bambanci. Ya fi ratsa iska, ƙananan kwazazzaban sama ba su cika jijjiga shi ba, kuma gari mai nisa ya matso kusa. Amma yana sauka da gudu fiye da na koyo, yana son fili mai tsawo, kuma ba ya yafe sakaci wajen taɓa ƙasa. Abin da ba ya canjawa shi ne tunanin inji. Ko Rotax 912 ne, injin Ostiriya mai silinda huɗu da ƙarfin doki 80 ko 100, wanda aka san shi da aminci, ana koya maka ka tashi kamar zai mutu yanzu. Kullum ido na neman gonar da za a sauka. Malam kan mayar da totur ƙasa ba sanarwa, ya ce to, ina za mu? Jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, yana zamewa ne. Daga tsayin metir 300 kana da kilometir biyu da ɗoriya a gabanka, da abin da bai fi minti biyu ba na yanke shawara. Sau da yawa mun gangaro har muna ƙirga tumakin mai gona kafin ya ce a mayar da wuta.

Da rana tsaka kuwa labari daban ne. Ƙasa in ta ɗau zafi, iska na tashi a dunƙule, irin wadda shirwa da angulu ke hawa ba tare da kaɗa fiffike ba. In ka shiga, ɓangare ɗaya ya ɗaga, sanda ta fizgi hannunka, cikinka ya yi ƙasa. A irin wannan lokacin ne mutum ke juyawa ya kalli matokarin da ke gefensa, ya tuna cewa da safe ya shafa shi da hannunsa tun daga ƙasa har sama. Ba wani abin da ke kwantar da hankali a can sai wannan.

Kada kuma ku raina jirgin don ƙanƙantarsa. A 1998 ɗan jaridar Ingila Birayan Milton ya zagaye duniya da irinsa cikin kwana 120. A watan Mayu na 2004 Ricad Meredit-Hadi ya bi ta saman dutsen Eberest da keken sama. Daga 2001 kuma, a Amurka, an yi shekaru ana jagorantar ƴaƴan wasu fararen tsuntsaye dangin gauraka da suka kusa ƙarewa, jirgi na gaba suna biye, daga Wiskonsin zuwa Fulorida, don su koyi hanyar ƙaurarsu. Ƙasarmu ma ta ga ɗan uwansa: a ƙarshen shekarun 1990 Ba'amurke mai ɗaukar hoto Joj Sitainmez ya yi yawo a saman hamadar Nijar da laima mai inji a baya, ya ɗauko ayarin raƙuman gishiri daga sama. Duk waɗannan da kayan da aka gwada suka tashi.

Gwajin nan shi ne abin da awon tsawo da faɗi ba zai ba ku ba. Jirgi mai mutum biyu da ke da nauyin kilo 450 in an cika shi, ana son fiffikensa ya ɗauki ninki huɗu na wannan ba tare da ya lanƙwashe ba, ya kuma kai ninki shida kafin ya karye. Kilo 2700 ke nan, buhun gero 27 na kilo ɗari-ɗari, a kan abin da shi kansa bai wuce kilo 50 da ƴan kai ba. Sannan a ɗora shi bisa mota mai na'urorin awo a yi gudu da shi, ana sunkuyar da hancinsa ana ɗagawa, a tabbatar yana komawa daidai da kansa. Bututun kasuwa da ake yin ƙofa da gado da shi, in na ƙarfe ne ya yi nauyi, in na alminiyo ne ya yi laushi. Bulon ɗin moto ba a san irin ƙarfen da ke cikinsa ba. Notin jirgi mai roba a ciki in an kwance shi sabo ake sawa. Mun san dabarar garejinmu, kuma muna alfahari da ita: ƙusa ta maye gurbin fil, waya ta riƙe salansa, a lallaɓa a kai gida. Moto in dabara ta ƙi, gefen hanya za ka tsaya ka tura. A metir 300 babu gefen hanya.

Ko da jirgin kamfani ne sabo fil aka kawo gida, ƙasarmu na da nata sharuɗɗan. Zafi na sirantar da iska. Damagaram na kan tsayin kusan metir 460, amma ranar Afrilu mai digiri 42 fiffike da inji za su ji kamar suna wajen metir 1500: gudun tashi ya ƙara tsawo, hawa ya yi nauyi. Guguwar rana da muke kallo tana wasa da ledoji a fili ta isa ta kifar da keken sama, a sama ko a ƙasa. Hazon hunturu na rufe gari, kuma jirgin nan da ido ake tuƙa shi. Hadarin damina na turo iska da ƙura tun kafin ruwa ya iso. Rana na cin ƙyallen fiffike a hankali har ya zama ana yaga shi da yatsa, don haka rumfa dole ce, kuma a nan gajartar fiffike mai matokarai za ta yi rana. Isansin kwalba na bakin titi, mai ruwa da ƙasa, ba ya shiga tankinsa. Ƙaya na jiran tayoyi. Yashi na shiga ramukan bulon yana ci. Sannan sararin sama yana da masu shi: hukumar ANAC ce ke ba da izini, ASECNA ke kula da zirga-zirga, kuma a halin tsaron da ake ciki, wanda ya tashi da wani abu sama ba izini ya jawo wa kansa da garinsu abin da ba a so.

Wani abu da ya tsaya mana a rai game da Faransa shi ne, dokar ULM a can ta ɗora alhakin gyara da kulawa a wuyan mai jirgi. Babu wani jami'i da zai zo kowace shekara ya duba maka matokari. Kai ne da littafinka da amanarka. Mun ga masu kuɗi da jirgi mai tsadar sabuwar mota suna rarrafe a ciyawa suna leƙen zoben da bai fi na yatsa ba. Mu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma ba mu taɓa ganin makiyayin da ya bar garkensa ba turke da dare don wannan maganar ba.

Don haka ƙannenmu, ga abin da za mu iya. Mai son sanin yadda fiffike ke ɗaukar nauyi, ya fara da ƙaramin samfuri na kara da leda, faɗin hannu biyu, ya jefa daga tudu, ya matsar da nauyin gaba da baya ya ga abin da ke faruwa. Ya lanƙwasa gefen baya sama, ya sake jefawa, sannan ya kwantar da shi ya ga yadda yake kifewa. Abin da ƴan tallabe ke yi ke nan, kuma ba wanda zai ji ciwo. Mai lakkwal ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau. A nan Yamai akwai makarantar EAMAC da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masana yanayi, da masu gyaran na'urori, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka da yawa ke zuwa cikinta. Bakaniken da ya iya karanta littafin inji, ya iya ɗaure bulon da awo, ya iya rubuta abin da ya taɓa da ranar da ya taɓa shi, ya riga ya kama hanyar aikin jirgi. Duk wanda ke son bayanin waɗannan, ko fassarar wani shafi na littafin koyo daga Faransanci zuwa Hausa, ya aiko, za mu zauna mu yi masa da zuciya ɗaya.

Iyaye da masu gareji kuma, in kun ga yaro ya fara tara bututu da ƙyallen tanti a bayan gida, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku bar shi ya hau. Ku zaunar da shi ku karanta masa wannan, ku ce yayyensa na gaishe shi.

A gaida mutanen gida. Allah ya kiyaye hanya, ta ƙasa da ta sama. Sai wani jiƙon.